Me ya kai tashoshin hirar wasanni na Amurka zangon FM, kuma me ya sa wata ta baro shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne a birnin New York, kuma rediyo ne abokin aikina, musamman tashoshin da ba su da aiki sai hirar wasanni. Lokacin da na zo ƙasar nan a 660 AM kawai ake kama WFAN, daga baya sai ga ta a 101.9 FM. Abokaina na Boston da Filadelfiya sun ce haka aka yi a wajensu. Amma kuma ESPN ta New York, wadda na saba ji a 98.7 FM, ta tattara ta koma 880 AM. Tunda magana ce kawai ake yi ba kiɗa ba, me ya kai su FM? In kuwa FM ya fi, me ya sa wata ta baro shi? Daga wani mai karatu a unguwar Bronx.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tsare maka hanya ɗan'uwa, ya sa albarka a nema.

Ka kama bakin zaren da ka ce magana ce kawai ake yi. Mutum biyu da ke gardama a kan ko a kori koci ko a bar shi ba sa buƙatar irin tsabtar sautin da kiɗa ke buƙata. Daɗin sauti yana da nasa kason a wannan ƙaura, amma ƙarami ne. Abin da ya tashe su shi ne mutanen da suke nema sun daina leƙa AM kwata-kwata. Kuma a kusan kowane gari, tsohuwar tasha ba ta motsa daga inda take ba sai da kishiya ta buɗe a FM ta fara kwashe mata jama'a. Komawar ESPN ma daga wannan lissafin ta fito, sai dai a nan kuɗin haya ne ya rinjayi komai.

Bari mu fara da na'ura. AM, wanda a gida muka sani da matsakaicin zango, yana tsakanin kilohaz 540 da 1700 a Amurka. FM yana can sama, daga megahaz 88 zuwa 108. Bambancin da ya fi shafarka yana cikin yadda kowanne ke ɗaukar murya. A AM ƙarfin igiyar ne ke hawa da sauka daidai da muryar mai magana. To duk wani tartsatsin lantarki shi ma ƙarfi yake ƙara wa igiyar: walƙiya, wayar wutar kan titi, cajar waya, fitilun LED, injin mota mai lantarki. Akwatin rediyo ba shi da hanyar rarrabe su da muryar, sai ya fito maka da su gaba ɗaya. Shi ne ƙarar nan da kake ji idan hadari ya haɗo, ko idan ka bi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Bronx. A FM kuwa, wanda Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933, ƙarfin igiyar a tsaye yake, saurin kaɗawarta ne ke ɗan matsawa gaba da baya. Saboda haka akwatin yana iya aske duk abin da ya hau kan ƙarfin ya zubar, muryar ta fito tas.

Wannan matsala ta AM kullum ƙaruwa take yi, don kayan lantarki sun cika kowane gida da kowace mota. Masu ƙera rediyo, don su rage ƙarar, sai suka ƙuntata ƙofar da sautin AM ke shigowa, har murya ta koma kamar ta tsohuwar wayar tarho. Dattijon da ya tashi da wannan sauti bai damu ba. Saurayin da ya tashi da abin sauraro a kunne yana jin sa sai ya ɗauka akwatin ne ya lalace.

Amma AM yana da abin da FM ba zai taɓa samu ba, wato nisan zango. Igiyar 660 tsawonta ya kai kusan mita 450, ta 101.9 kuwa kusan mita 3 ce. Gajeriyar tana tafiya ne iya inda ido zai iya hange daga eriya, shi ya sa ake ɗora ta a kan dogon bene irin Empire State, kuma tana iya kutsawa ta tagogin ofisoshi inda doguwar ke shan wahala. Doguwar kuma bin ƙasa take yi, ruwan gishiri yana ƙara mata gudu. Eriyar WFAN tana nan kusa da kai, a ɗan tsibirin High Island da ke gefen City Island, tana fitar da wat 50,000, wanda shi ne iyakar abin da doka ta yarda wa tashar AM a Amurka. Da dare kuma wani sashe na sararin sama yana maido da igiyar AM ƙasa a wuri mai nisa, sai a ji WFAN a jihohi da dama har cikin Kanada. Duk wanda ya taɓa murɗa akwati bayan isha a ƙauye ya ji tashoshi masu nisa suna shigowa ya san wannan. Sai dai alherin nan na 'yan tsiraru ne. Tunda kowa igiyarsa na tafiya nesa da dare, hukumar sadarwa ta FCC tana tilasta wa yawancin tashoshin AM su rage ƙarfi ko su karkatar da siginarsu bayan faɗuwar rana, don kada su shiga hurumin manya. Wasanni kuwa yawancinsu da dare ake buga su. Ka ga tashar da aikinta wasanni ne, kuma siginarta ke raguwa daidai lokacin da ake take wasa, ai tana cikin matsala.

To me ya sa tun farko suka zauna a AM? Don shi ne ya rage. A ƙarshen shekarun 1970 masu sauraron FM suka zarce na AM a Amurka, kiɗa ya tattara ya koma can, aka bar wa AM labarai da hira. A cikin wannan hali kamfanin Emmis na Jeff Smulyan ya buɗe WFAN ranar 1 ga Yulin 1987 a 1050 AM, tasha ta farko da ba ta da komai sai wasanni dare da rana. Da farko asara ta yi ta tafkawa. A Oktoban 1988 ta karɓi 660 daga hannun WNBC, ta gaji shirin safe na Don Imus, sannan a 1989 ta haɗa Mike Francesa da Chris Russo a shirin yamma. Daga nan kasuwa ta buɗe, har ta shiga sahun tashoshin da suka fi samun kuɗin talla a duk ƙasar. Kowane babban gari ya kwaikwaya, kuma kusan duka a AM, saboda tashar AM tana da araha, masu FM kuma a lokacin suna cin riba da kiɗa, ba su ga dalilin ba wa surutu wuri ba.

Shekara ashirin ana haka. Abin da ya canza ya faro ne daga ɓangaren kiɗa. Na'urar iPod ta fito a 2001, rediyon tauraron ɗan'adam ya shigo motoci, daga baya manhajojin kiɗa irin su Pandora da Spotify suka zo. Saurayin da ke son kiɗa ya samu inda zai ji abin da yake so ba tare da talla ba. Tashoshin da suka fi jin jiki su ne masu kiɗan rok, waɗanda jama'arsu samari ne da magidanta. Sannan a farkon 2006 Howard Stern, wanda shirinsa na safe ke riƙe da tashoshin FM da yawa na kamfanin CBS, ya koma Sirius, rediyon tauraron ɗan'adam. CBS ta gwada cike gurbinsa da wani tsarin hira mai suna Free FM, bai yi ƙarko ba. Sai ta wayi gari da manyan siginoni na FM a manyan birane, ba ta san abin da za ta ɗora musu ba. A ɗaya gefen kuma ga wasanni, abin da intanet ba ta iya ƙwace wa rediyon gari a lokacin ba: wasan da ake bugawa yanzu, da fushin magoya baya washegari da safe, da mai gabatarwa ɗan gari wanda ya san tarihin kowace ɓaraka ta ƙungiyar. Haɗa biyun bai buƙaci dogon tunani ba. A Detroit aka ɗora The Ticket a 97.1 a 2007, a Dallas aka buɗe The Fan a 105.3 a 2008, a Washington 106.7 a 2009, a Pittsburgh 93.7 a 2010.

Ka lura da wanda ake nema a duk wannan. Masu talla a rediyon wasanni, dillalan motoci, bankuna, kamfanonin inshora, shagunan kayan gini, suna biya ne a kan maza 'yan shekara 25 zuwa 54. Tasha tana iya tara dattawa dubbai masu ƙaunarta, amma idan sun haura 55 ba sa shiga lissafin da ake yanka farashin talla da shi. Ni wannan tsari bai kwanta mini ba, don dattijon nan shi ne ya riƙe tashar tun tana rarrafe, amma haka kasuwar take. Masu sauraron AM kullum tsufa suke yi, sababbi ba sa shigowa. Kamar mai shago ne a tsohuwar kasuwa bayan an tayar da tashar mota an kai ta wani gefen gari: kayansa na nan da kyansu, tsofaffin abokan ciniki na zuwa, amma baƙo ba ya biyowa ta ƙofarsa. Mai shekara 30 da ke latsa maɓallin neman tasha a motarsa a cikin FM yake yawo. Duk iya zancenka, idan kana AM ba zai yi tuntuɓe da kai ba.

Wani abu kuma ya zo ya tona asiri. A da kamfanin Arbitron, wanda Nielsen ta saya a 2013, yana auna masu sauraro ne da ɗan littafi da ake ba wa mutane su rubuta abin da suka ji a mako. Mutum kuwa abin da ya tuna yake rubutawa, kuma sunan da ya fi shahara shi ya fi tunawa, wanda hakan ke taimakon tsofaffin tashoshi. Daga 2007 aka fara amfani da wata 'yar na'ura mai suna PPM a Filadelfiya da Houston, sannan sauran manyan birane suka biyo baya. Mutum yana rataye ta a jiki, ita kuma tana tsintar wata ɓoyayyiyar alama da kowace tasha ke sakawa a cikin sautinta. Ba ruwanta da abin da ka tuna ko wanda kake ƙauna, abin da ya shiga kunnenka take rubutawa, ko a shagon aski ne, ko a motar aboki, ko a cikin tasi irin taka. A irin waɗannan wurare kuwa FM ne a kunne.

Boston ita ce inda aka fi ganin abin ƙarara, kuma abokanka na can za su ba ka labari. WEEI ta koma wasanni zalla a 1991, ta hau 850 AM a 1994, ta yi shekaru tana cin karenta babu babbaka. Tana da wasannin besbol na Red Sox, tana da shirin yamma na Glenn Ordway da gari ke saurara. An yi ta buɗe mata kishiyoyi a AM suna mutuwa. Sai a Agustan 2009 CBS ta kashe tsohuwar tashar rok ta WBCN, ta sake rabon zangunanta, ta buɗe The Sports Hub a 98.5 FM. Ba hannu rabbana ta shigo ba. Ta zo da wasannin Patriots na ƙwallon ƙafar Amurka, waɗanda dama a WBCN ake jin su, ta zo da Bruins na ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, ta ɗauko Toucher da Rich daga tashar kiɗan ta ba su safiya, ta ba Felger da Massarotti yamma. Magoya bayan Bruins sun daɗe suna ƙorafin cewa WEEI ba ta kula da wasansu, sabuwar tasha ta rungume su, kuma Allah ya sa Bruins suka ɗauki kofin Stanley a Yunin 2011. Ga kuma siginar 850 da ake karkatarwa da dare don kare tashar KOA ta Denver, abin da ke raunana ta a garuruwan yammacin Boston. Cikin shekara biyu sabuwar ta sha gaban tsohuwar a tsakanin mazan nan da ake nema. A Satumban 2011 kamfanin Entercom, mai WEEI, ya kashe tashar kiɗansa ta 93.7 ya ɗora WEEI a kai.

Abin da ya biyo baya ya fi komai amsa tambayarka. Komawa FM bai maido wa WEEI sarautarta ba. An sallami Ordway a 2013, wasannin Celtics na ƙwallon kwando ma suka koma wajen kishiya a wannan shekarar, kuma a mafi yawan shekarun da suka biyo baya Sports Hub ce a gaba. Shekara biyun nan da aka bar ta ita kaɗai a FM sun ishe ta ta zama al'adar mutane, al'adar sauraro kuwa tana da wuyar karyawa. FM ya hana WEEI mutuwa, amma jinkirin ya riga ya ci rabonsa.

A Filadelfiya an bi kusan wannan sawun, sai dai ƙarshen ya bambanta. Tsohuwar tashar wasanni ta WIP tana 610 AM, The Fanatic ta hau 97.5 FM a 2009 ta fara matsa mata lamba, musamman da yamma. A Satumban 2011, watan da WEEI ta ƙaura, CBS ta rufe tashar rok ta WYSP ta ba WIP 94.1, inda dama can ake jin wasannin Eagles, ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta garin. A lokacin WIP tana da Angelo Cataldi da safe, tana da Eagles, don haka ta riƙe matsayinta. A Detroit kuwa WDFN da ta tsaya a 1130 AM ta yi ta ja da baya har ta bar harkar wasanni gaba ɗaya a 2020. Sai Dallas, inda The Ticket ta 1310 AM ta daɗe tana gagarar kishiyoyinta na FM saboda jama'a sun shaƙu da masu gabatar da shirye-shiryenta. Duk da haka ita ma a 2013 ta karɓi 96.7. Ƙananan tashoshin da ba su da kuɗin sayen cikakken zango sukan nemi 'yar ƙaramar tashar maimaici ta FM, wadda ba ta wuce wat 250, abin da FCC ta halatta wa masu AM tun 2009. Ba ta kai wa nesa, amma tana ba su lambar FM da za su riƙa faɗa.

Yanzu garinku. ESPN ta buɗe tasharta ta New York a 2001 a kan 1050, zangon da WFAN ta baro, wanda siginarsa ke da ramuka a wurare da dama na kewayen birnin. Fiye da shekara goma tana bin bayan WFAN. A Afrilun 2012 ta yi hayar 98.7 FM daga Emmis, kan dala miliyan 8.4 a shekarar farko, kuɗin yana ƙaruwa kowace shekara har zuwa Agustan 2024. WFAN ba ta da matsalar sigina irin ta WEEI, 660 yana cikin zangunan AM mafi ƙarfi a ƙasar. Amma CBS, mai WFAN a lokacin, ta ga abin da ya faru a Boston, kuma ita ce ta yi wa wasu a can, ba ta jira a yi mata ba. Kafin shekarar ta ƙare ta sayi 101.9 kan dala miliyan 75, a Nuwamba WFAN ta hau. Dala miliyan 75 don a maimaita shirin da dama ana jin sa a garin. Wannan kuɗi shi ne farashin hana kishiya zama ita kaɗai a inda samari suke. Ba ta saki 660 ba, don shi ke kai ta nesa, musamman da ta karɓi wasannin besbol na Yankees daga 2014.

Komawar ESPN fa? A 2024 hayar ta ƙare, kuma kamfanin Good Karma Brands da ke gudanar da tashar ya ƙi sabuntawa. Duniyar 2024 ba ta 2012 ba ce. Saurayin da aka bi zuwa FM yanzu kaso mai yawa na sauraronsa a waya yake, ta manhaja, ko YouTube, ko shirin da aka naɗa ya saurara lokacin da ya ga dama. Kuɗin tallar rediyo ya ragu, har Audacy, mai WFAN a yanzu, ta shiga kotun fatara a farkon shekarar. Biyan miliyoyi kowace shekara don hayar zango ya daina fita. A daidai lokacin Audacy tana da tashoshin labarai biyu a gari ɗaya, 1010 WINS da ta riga ta hau 92.3 FM a 2022, da WCBS 880 da ke labarai tun 1967. Sai ta rufe WCBS a ƙarshen Agusta ta ba ESPN hayar 880. Wato yanzu ESPN 'yar haya ce a wajen mai gidan kishiyarta, kuma daga tsibirin High Island ɗin nan siginar 660 da ta 880 duka ke fita. Ba ta koma AM don AM ya farfaɗo ba. Ta samu sigina mai wat 50,000 da ta fi 1050 nesa ba kusa ba, ga wasannin besbol na Mets a kai, sannan ta jingina sauran fatanta da waya. Ta kuma yi hasara, don wasannin Jets na ƙwallon ƙafar Amurka sun koma 104.3 FM a wannan shekarar. Ƙungiyoyin ma suna duba inda magoya bayansu suke kafin su sa hannu a kwantiragi.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kuma ni yana damuna. Zangon FM a babban birni a cike yake, babu fili. Duk tashar wasannin da ta hau, wata ce aka sauke. Kafin ESPN, 98.7 gidan Kiss FM ne, tashar da baƙaƙen fatan New York suka yi shekara talatin suna ji, ba don kiɗa kawai ba har da shirye-shiryen da suka shafi al'ummarsu. An narkar da ita cikin wata tashar mai suna WBLS, gari ya rasa murya guda. WBCN ta tafi a Boston, WYSP a Filadelfiya, KFOG a San Francisco lokacin da tashar wasanni ta KNBR ta karɓi 104.5 a 2019. Zangunan AM da aka bari a baya kuma sau da yawa shirin da aka haɗo daga wani gari ake zuba musu, babu ɗan gari ko ɗaya a bakin makirfo. Abu na biyu, tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, kamfanonin caca sun zama manyan masu talla a waɗannan tashoshi, har hirar kanta ta cika da zancen wa za a zuba wa kuɗi. Kai da kake wuni da su a kunne, kuma wataƙila yara na shiga motarka a gida, ka san da wannan. Samarin da aka sha wahalar nema a FM su ne dai ake miƙa wa 'yan caca.

Tunda mota ce ofishinka, ga wani abu da zai shafe ka. Kamfanoni irin su Tesla, BMW da Volvo sun cire AM daga motocinsu masu lantarki, saboda injin motar da kansa yana jefa masa ƙara. Ford ta yi niyyar bin sahu a 2023, ta janye bayan an yi mata ca. A shekarar ce Sanata Ed Markey da Sanata Ted Cruz suka gabatar da ƙudirin tilasta wa masu ƙera motoci su bar AM, bisa hujjar cewa shi ne ke kai sanarwar gaggawa nesa idan wuta da intanet suka ɗauke. Hujjar tana da ƙarfi. Amma mai tashar wasanni da ya ga ana fitar da motoci babu AM ba zai jira majalisa ba.

Ba ko'ina aka bi wannan hanya ba. A Birtaniya, BBC Radio 5 Live da talkSPORT sun tashi ne a AM saboda babu sauran fili na ƙasa baki ɗaya a FM, don haka suka tsallake zuwa rediyon dijital na DAB da intanet. A Najeriya kuwa ba a yi ƙaurar ba sam. An ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo ne a 1992, lokacin FM ya riga ya zama zangon birni, shi ya sa Brila ta Larry Izamoje, tashar wasanni ta farko a ƙasar, ta fara a 88.9 FM a Legas a 2002. Ƙananan wayoyin da ke hannun jama'a ma FM kaɗai suke kamawa, da igiyar abin kunne a matsayin eriya, don AM yana buƙatar eriyar da ba za ta shiga cikin waya ba.

Game da aikinka, idan kana cikin birni, tsakanin dogayen benaye ko ƙarƙashin gadar jirgi, 101.9 zai fi yi maka. Idan fasinja ya ɗauke ka zuwa can cikin Connecticut ko Pennsylvania, ka ji FM ya fara yankewa, koma 660, musamman da dare. ESPN kuma 880 ne ko manhajar waya, sai dai ka sani sautin manhaja yana zuwa a makare da 'yan daƙiƙu, wani lokaci fiye da haka, kuma akwai wasannin da ba a sakawa a cikinta idan ka fita daga yankin ƙungiyar. In kana shirin canza mota zuwa mai lantarki, ka kunna rediyonta a wajen dillali ka tabbatar akwai AM kafin ka biya.